Bayan Gajeriyar Rashin Lafiya

Ku da kuke zaune a gaban kwamfuta kuna ganin rubuta wa mutum takarda danna maɓalli ne kawai, ku ɗan rage ƙarar waƙar nan ku saurare ni. Jiya ina kallon ɗayanku, ba zan kama suna ba, wata tsohuwa tana yi masa bayanin ƙorafinta, shi ko ɗago kai bai yi ba. Ya buɗe takardar wani da ke cikin na'ura tun bara, ya goge sunan ya sa nata, minti biyar ya miƙa mata. Wai shi gwani! To ni Sani, shekara talatin da ɗoriya na yi a bakin kotu ina buga wa jama'a takarda da tafireta, kuma abin da har yau nake sunkuyar da kai in na tuna shi, irin wannan gwanintar ce ta jawo mini.

A wurin Malam Ado na Sheshe na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Wata shida na yi a gefen teburinsa bai bar ni na taɓa tafireta ba. Aikina in zauna a benci in saurari mai magana, in ya tafi Malam ya ce, "To, me ya ce?" In na ƙara gishiri ya make ni da rula, in na rage ya make ni. Yakan ce jarin sana'ar nan kunne ne, yatsa ko biri yana da shi. Sai daga baya ya koya mini yadda ake jera farar takarda uku da kaban biyu a tsakani don a sami kwafi uku a bugu ɗaya, da yadda ake wanke haruffa da tsohon buroshin haƙori da kananzir, da kankare kuskure da reza ba tare da an huda takarda ba. Ribin, wato zaren tawadar tafireta, in ya bushe ba a yar da shi, ɗigon man keke ake sa masa ya ƙara sati biyu.

Akwai layi ɗaya da Malam Ado ba ya wasa da shi. Duk takardar da ka rubuta wa wanda ba ya iya karanta ta, doka ta ce sai ka sa sunanka da adireshinka a ƙasa, ka ce ka karanta masa ita a harshen da yake ji, ya yarda, sannan ya dangwala. Ku yanzu kuna kwafo layin nan kuna mannawa kamar ado. Malam ya ce mini rantsuwa ce, sai dai ba a ɗora maka Alƙur'ani.

Masu zuwa wurinmu kala-kala ne. Mai canjin suna, mai rasit ya ɓata, mai cinikin fili, da mai neman a rage masa shekaru saboda ritaya ta matso. Shekarun da aka roƙe ni in rage wa magidantan garin nan, da za a tara su da an yi tsofaffi cikin mota guda. Amma inda na yi suna shi ne tausasa magana. Mutum zai zo yana huci, maigidan haya ya cire masa ƙofa, ko shugabansa ya riƙe masa ƙarin girma, ya ce in rubuta kaza da kaza, har da uwa da uba. Sai in mayar da zagin ya koma gaisuwa, kuma sau da yawa buƙata ta biya. Har abokan aiki suka sa mini Sani Zuma. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye muku ba. Karin maganata a lokacin ita ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Aikin da nake son ba ku labari, wani Malam Tijjani ne ya kawo shi, mai sayar da yadi, mun san juna a masallacin unguwarmu nan Kabara. Ƙaninsa Habibu ya rasu, an yi addu'ar arba'in. Habibu mai kula da injina ne a wata masana'antar robobi, ya bar mata ɗaya, Rabi, da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu na haya a Soron Ɗinki. Ana son a rubuta wa kamfanin a nemi haƙƙinsa. Tun a hanya Tijjani ya gaya mini yadda dangi suka tsara: in an sami abin da zai riƙe gidan, yaran su zauna da uwarsu. In ba a samu ba, sai a raba su, shi ya ɗauki biyu, gwaggonsu ta Wudil ta ɗauki ɗaya, Rabi ta koma gidansu da na goye.

Tana takaba, ba ta fita, don haka ni na bi Tijjani gidan da littafina da biro. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ita tana bayan ƙyauren cikin gida. Ban ga fuskarta ba, murya kawai nake ji. Bayan ta'aziyya na ce, "Malama, yi mini bayani, ina rubutawa."

Ta ce, "Malam, wata takwas ya yi yana ciwon nan. Tun da aka sallami abokan aikinsa biyu aka haɗa masa aikin mutum uku. Yakan fita bayan asuba, yaran nan sai su yi kwana uku ba su gan shi ba. Ranar hutunsa ma waya ba ta barinsa. Ciwon kai ya dame shi, ya je asibiti, likita ya ce jininsa ya hau, ya rubuta masa hutun sati biyu. Ya kai takardar, manaja ya ce in ya tafi hutun kada ya dawo, akwai mutum ɗari a bakin get suna jira. Ya dawo ya zauna nan, tuwo a gabansa, hannunsa yana rawa, ya kasa kai loma. Ranar Talata ya faɗi a gaban injin. Alhamis ya cika."

Sai ta turo wata baƙar leda ta ƙarƙashin ƙyaure. Katin asibiti ne, da kwafin takardar hutun da likita ya rubuta, da takardun tuhuma biyu da aka ba shi don ya makara.

Tijjani ya gyara zama ya ce, "Rabi, ya isa haka. Kwana ne ya ƙare. Malam Sani, mu roƙo za mu yi, a taimaki marayu. Kada a rubuta abin da zai ɓata wa mutanen nan rai su ƙi ba da komai."

Ta ce, "Yaya, ban ce ba kwana ba ne. Amma a rubuta yadda aka yi."

Duk abin da ta faɗa na rubuta shi a littafina, wannan kam tarbiyyar Malam Ado ce. Amma ledar, da hannuna na tura mata ita baya. Na ce, "Adana waɗannan, Malama, ba a haɗa su da takardar roƙo." Na faɗa da muryar wanda ya san aiki.

Washegari na jera takarda uku na fara bugu da Turanci, don kamfani ba ya karɓar Hausa. Da na zo wurin rasuwa, wallahi ban tsaya na yi tunani ba, yatsuna ne suka tafi da kansu. Kun san abin da ake faɗa kullum a sanarwar rasuwa a rediyo: wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ko mutum ya shekara a kwance haka ake cewa, sutura ce. Shi na juya zuwa Turanci na sa. Na ce a raina ai ba ƙarya ba ce, Talata zuwa Alhamis kwana biyu ne. Da na ga layin ya zauna da kyau sai zuma ta motsa. Na ƙara cewa iyalan suna godiya ga kamfani bisa kulawar da ya yi wa mamacin duk tsawon aikinsa, sun karɓi ƙaddara, kuma ba sa zargin kowa. Wata takwas ba su shiga ba, likita bai shiga ba, manaja bai shiga ba. Na zare takardar na karanta, ta burge ni.

Na koma zauren don dangwale. Yadda muke yi, ido yana kan Turanci baki yana ba da Hausa. Na karanta gaisuwa, na karanta sunan mamaci da shekarun aikinsa, na karanta roƙon. Wurin gajeriyar rashin lafiya da godiya da rashin zargi na bi ta kai da sauri, na ce "da sauran bayanai na ladabi." Sai ta ce, "Malam, ka sa maganar takardar likita?"

Na ce, "Duk abin da ya kamata yana ciki, Malama."

Hannu ya fito daga bayan ƙyaure, ba lalle ba zobe. Ni na kama babban yatsan na shafa a tawada na danna a kan takarda. A ƙasa na sa sunana da adireshina, cewa na karanta mata ta fahimta ta yarda.

Kamfani ya yi wata bakwai bai ce uffan ba. Daga baya suka aiko da ragowar albashin mamacin da ɗan abin sallama da buhun shinkafa. Tijjani ya tare ni a masallaci yana ta godiya, wai ba don alƙalamina ba da ko wannan ba a gani ba. Na ce ba komai, yi wa kai ne.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'ar. Shagunan kwamfuta irin naku suka buɗe a tsallaken titi har guda huɗu, masu zuwa wurinmu suka ragu, wata rana tun safe har la'asar takarda biyu zan buga. Ga shi an kama wani abokin aikinmu da buga takardar fili ta bogi, sai aka fara maganar za a kwashe teburanmu gaba ɗaya daga bakin kotu. Aka ce duk wanda aka samu da ko ƙwayar zarra ta laifi, shi ne na farkon tafiya. Mu goma sha ɗaya ne a jere a ƙarƙashin bishiyar maina, kowa yana taka-tsantsan da inuwarsa. Ni kuma ina da bakin ci tara a gida.

A cikin wannan hali wata lauya ta zo teburina da hantsi. Matashiya ce, Barista Hadiza, daga ofishin da ke taimaka wa marasa hali da shari'a kyauta. Ta zauna a benci ta ajiye kwafin wata takarda a gabana. Ban buƙaci karantawa ba, harafin "e" na tafiretata yana da ɗan karkata, ko a cikin dubu zan gane shi.

Ta ce, "Baba, kai ka buga wannan?"

Na ce ni ne.

Ta ce Rabi ta fita takaba, wata maƙwabciya ta kai ta ofishinsu da ledar nan. Sai ta yi mini bayanin da ni mai shekara talatin a bakin kotu ban taɓa sani ba. Ta ce dokar diyyar ma'aikata ba ta tsaya ga wanda inji ya datse wa hannu ba. In aiki ya matsa wa mutum har ya jawo masa ciwo, kuma aka nuna ciwon ne ya kai shi, matarsa da 'ya'yansa suna da damar neman diyya a hukumar da ke kula da wannan, kuma diyyar daban take da abin sallamar da kamfani ya bayar. Bayan wannan akwai kotun ma'aikata, in za a iya nuna cewa an san ba shi da lafiya aka hana shi hutu. Ni a wurina diyya sai an ga jini. Na ji kunya, amma na gyaɗa kai kamar na sani.

Ta ce, "Matsalar biyu ce, Baba. Ana so a nema cikin shekara guda da rasuwa, su kuma sun cinye lokacin suna jiran amsar wannan takarda. In an wuce, sai an kawo dalili mai ƙarfi. Na biyu, an binne mamacin ranar da ya rasu kamar yadda muke yi, ba wani binciken gawa. Abokan aikinsa kowa yana tsoron tuwonsa. Abin da ya rage katin asibiti ne da takardar likita da bakin matarsa. To ga bakin matarsa nan, lauyan kamfani ya kawo. Ciwon kwana biyu, an gode, ba a zargin kowa, ga dangwalenta."

Na hau gyaran ribin da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "Ita ta ce ba haka ta gaya maka ba. In haka ne, abin da nake nema ƙarami ne. Ka yi takardar rantsuwa cewa kalmomin naka ne, ba nata ba, kuma ba ka karanta mata wannan wurin ba. Da wannan zan iya neman a ƙara mana lokaci, kuma takardar ta faɗi."

Ƙarami a wurinta. A wurina cewa ne in rubuta da hannuna, in kai cikin kotun da nake ci a bakinta, cewa layin nan na ƙasa ƙarya na sa wa hannu, kuma a shekarar da ake neman wanda za a fara kora. Akwatin ƙarfena yana ƙarƙashin tebur, ƙafata tana taɓa shi. Littafin yana ciki. Na san shafin, na san abin da ke jiki da rubutuna: wata takwas, likita, hutu sati biyu, manaja ya ƙi.

Na ce, "Barista, takarda nawa nake bugawa a shekara? Ba zan iya tuna kowace ba. Abin da ke rubuce a ƙasa shi ne abin da aka yi."

Ta dube ni ta daɗe. Yarinyar da na haifi kamarta, amma na kasa haɗa ido da ita. Ta rubuta lambarta a bayan kwafin ta ce in na tuna in kira ta, sati uku ne gare su kafin a rufe fayil. Na sa takardar a aljihu. Sati ukun nan kullum sai na ce gobe. Na je wa Tijjani da maganar ina neman wanda zai ce mini ba komai, ya ce ai shi tun farko bai so a shiga shari'a da mamaci ba, a bar bawan Allah ya kwanta. Na riƙe maganarsa kamar fatawa, alhali na san ba don Allah na riƙe ta ba. Tsoro ne kawai, ba wani suna da zan sa masa.

Shi ya sa nake muku faɗa, ku ce tsoho ya cika mita. In iyalan ma'aikaci suka zo muku an yi musu rasuwa, kuka ji an ambaci aiki, an ambaci hawan jini ko faɗuwa a wurin aiki, ku cire hannu daga maɓalli. Ku ce su tattara katin asibiti da duk takardar da aka taɓa ba shi da saƙonnin wayarsa, kada su dangwala wa kowa komai, su je wurin lauya a satin, akwai na kyauta. Ko matar tana takaba, wani ya je a madadinta, don kwanakin doka ba sa jiran takaba. In kuma dole sai kun rubuta, ku rubuta abin da aka gaya muku, ko da ba daɗin ji. Sutura ta sanarwar rediyo ce, takarda kuwa wani ne zai ajiye ta a fayil ya jira ranar da za ta yi masa amfani.

Teburanmu ba a kwashe su ba a ƙarshe, maganar ta bi ruwa. Bayan kamar wata huɗu, ana gab da azahar, wata mata mai ruwan tokar hijabi ta tsaya a gabana da baƙar leda. Ta yi sallama. Ban taɓa ganin fuskar ba, amma muryar tana shiga kunnena na gane ta.

Ta ce, "Malam, ni ce matar Habibu."

Na miƙe na ba ta benci, ta ƙi zama. Ta ce an rufe fayil, an ce lokaci ya wuce kuma ba dalili. Barista ta ce hanyar kotu tana nan amma doguwa ce, ga takardar da na buga tana gaba da su, dangi kuma sun ce ba da yawunsu ba. Ta faɗa a hankali, ba kuka ba faɗa. Sannan ta ce, "Jibi za a raba yaran."

Na ce, "Malama, zan je in yi rantsuwar. Yau ma in ana so."

Ta ce, "Da ka je lokacin da aka kira ka. Ni aiki na kawo. Ka rubuta yadda babansu ya rasu, yadda na gaya maka a zaure. Da Hausa. Guda huɗu nake so, kowa ya tafi da tasa, don kada su girma a gidan wasu a ce musu ciwon kwana biyu ya yi."

Na jawo akwatin na fito da littafin. Ta ga na buɗe shafin ban ko yi lalube ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jera takarda, na buga wata takwas, na buga aikin mutum uku, da likita, da manaja, da tuwon da ya kasa ci. Kwafi uku kawai kaban yake bayarwa, sai da na sake bugawa daga farko saboda ta huɗun. Masu teburin kusa duk sun daina bugu suna kallonmu.

Da na gama na gyara murya zan karanta mata. Ta miƙo hannu ta karɓe takardun, ta juya wurin Malam Lawan da ke teburin dama da ni, ta ce, "Malam, don Allah kai karanta mini, in ji ko haka ne." Lawan ya dube ni, ya dube ta, ya karanta tun daga bisimilla har ƙasa. Ina tsaye a gefen tafiretata har ya gama.

Ta ninke su ɗaya bayan ɗaya ta sa a leda, ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗi. Na ce, "Haba Malama, don girman Allah ki bar shi."

Ta ajiye a kan tebur ta ce, "Karɓi, Malam. Ta farko ma na biya."

Na karɓa.